Ƙarar da Hilux ɗina ta fara da sanyin hunturu

Ranar wata Alhamis ce cikin Disamba, ranar kasuwar Maigatari. Na fito daga masallaci bayan sallar asuba, hazo ya rufe unguwa, sanyi yana shiga har ƙashi. Na murɗa makulli, na jira fitilar hita, mai ɗumama silinda kafin a tayar, ta mutu kamar yadda na saba, sannan na tayar. Bugu ɗaya ta tashi. Amma a cikin ƙugin da kunnena ya sani shekara bakwai, sai na ji wani baƙon sauti: ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar wani ya shiga cikin injin da ƙaramar guduma yana dukan ƙarfe. Gabana ya faɗi.

Duk wanda ya riƙe motar gas ya san ba ta shiru kamar ta fetur. Tana da kaɗe-kaɗenta, musamman da safe. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ƙarar ba ta cikin waɗanda na sani. Ita kaɗai take fita daban, tana da tsari, ba ta gaba ba ta baya.

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 2010, mai injin 2KD, lita 2.5, silinda huɗu, da turbo. Na saye ta a 2017 a hannun wani mutumin Damagaram. A can Nijar, inda suke kiran gas da gazuwal, irinta ba baƙuwa ba ce. A nan Kano kuwa yawancin Hilux da za ka gani a titi fetur suke sha, kuma wannan bambancin ya shafe ni daga baya fiye da yadda na zata. Lokacin da abin ya faru mitarta tana nuna kilomita 312,000. Da ita nake ɗauko riɗi da zoɓo daga Maigatari da Gumel in kawo Dawanau, kuma Disamba ita ce tsakiyar kakarmu. Mota ta kwanta mako biyu a wannan lokacin, cinikin shekara ne ya taɓu.

Na tsaya ina saurare kamar minti biyar. Fitilar baƙin mai ta mutu da wuri, allurar zafi tana inda take, salansa ta ɗan yi farin hayaƙi ta daina. Yaron motata ya ce, “Alhaji, sanyi ne kawai.” Na so in yarda da shi, don haka na yarda. Muka kama hanya. Kafin mu wuce Gezawa ƙarar ta ragu, muna isa Ringim ta kusa ɓacewa. Muka yi lodi, muka dawo lafiya. Da na san abin da ke cikin kaskon injin a ranar, da ko ƙofar gida ba ta bari ba.

Washegari da asuba ƙarar ta dawo. Jibi ma haka, har ta fi ƙarfi.

Na kai ta wajen bakaniken unguwarmu, wanda ya daɗe yana yi mini juye da gyaran birki da kuloci. Mutumin kirki ne, bai taɓa cuta ta ba. Ya buɗe bonet, ya taka totur sau biyu, bai kai minti biyu yana saurare ba ya girgiza kai. Ya ce, “Alhaji, metal ne. Injin nan yana hanyar bugawa. Ko dai mu sauke shi a kai kiranshaf a goge, a sa sabon metal, ko ka shiga Ƙofar Ruwa ka nemi Beljiyam.”

Metal wani siririn ƙarfe ne da kiranshaf, wato babbar sandar da ke ƙasan injin, yake juyawa a cikinsa. Wanda ba ya harkar mota ba zai san nauyin kalmar bugawa ba. Idan aka ce injin ya buga, an gama magana ke nan: mai ya daina kaiwa, ƙarfe ya ci ƙarfe, wani lokacin har konrod, sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ya fasa bulo ya leƙo waje. Na shiga Ƙofar Ruwa da yamma na tambayi farashi. Kuɗin da aka kira mini na injin 2KD ɗan Beljiyam ya haura naira miliyan 3, ban da kuɗin aiki, kuma cinikin biri a sama ne, don ba ka san kilomita nawa ya ci a inda ya fito ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ina saurayi na yi shekara huɗu ina yaron mota a wata Marsandi 911 da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Anacha, kuma na taɓa jin ƙarar metal da kunnena kafin injin ya mutu mana a hanya. Ƙarar metal tana da nauyi, daga ƙasa take fitowa, kamar dukan turmi a bayan katanga. Sannan tana ƙaruwa ne idan injin ya yi zafi, saboda baƙin mai ya tsinke, ba ya iya cike giɓin da ke tsakanin metal da kiranshaf. Tawa kuwa siririya ce, mai kaifi, kuma zafi ne yake kwantar da ita. Abu biyun ba su haɗu ba. Na faɗa wa bakaniken haka, ya ce kowane inji da halinsa. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu kafin a kwance komai.

A majalisarmu ta Dawanau kowa da nasa maganin. Wani ya ce in zuba baƙin mai mai kauri, ƙarar za ta tafi. Wani ya ce akwai wani ruwa a gwangwani da ake zubawa a tanki. Wani ya rantse taimin ne ya tsallake. Wannan na ƙarshen ban ɗauka ba, don na canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, a kan ƙa’ida, duk kilomita 150,000, kuma da haƙori ɗaya ya tsallake da motar ba za ta ja lodi yadda take ja ba. Maganar mai kauri kuwa ina ganin ita ce shawara mafi haɗari da ake ba masu mota a garin nan, domin tana rufe bakin ciwo ne ta bar shi yana ci.

Shawara ɗaya ce na ga tana da tushe, ta gurɓataccen gas. Cikin damina sau biyu na sayi gas a jarka a bakin hanya, saboda gidajen man da na tarar ba su da shi. Gas ɗin jarka ba ka san abin da ya kwasa ba: ruwa, ƙura, tsatsar durom. Na kwance ƙasan filtar gas na tara a kwalba, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa kamar cokali biyu, gas yana yawo a samansa. Na canza filta, na zuƙe tankin, na sha sabon gas a gidan mai da na amince da shi. Ƙarar ta ɗan yi laushi kwana ɗaya, har na fara murna. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Daga nan na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta abin da nake ji, tun da na lura duk bakaniken da ka je wurinsa tambayar farko ita ce yaushe take yi, kai kuma sai ka ce kullum. Ba kullum ba ne. Tana yi da sanyi, mota a tsaye. Tana yi idan na taka totur a hankali, allura tana tsakanin 1,500 da 2,000. Idan na taka kuloci ba ta canzawa, don haka na cire giya da kuloci daga zargi. Na sa yaro ya cire fanbel muka tayar na minti ɗaya, ƙarar tana nan, wato ba altaneta ba ce, ba famfon ruwa ba ne, ba fulin da bel ke juyawa ba ne. Na bi kwanon da ke kare zafin salansa da kujerun inji ina girgizawa, duk a ɗaure suke.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan. Idan ina tafiya a giya ta uku, ƙarar tana yi, na ɗage ƙafata daga totur gaba ɗaya, sai ta ɗauke ɗif, alhali injin yana juyawa da gudun da yake yi. A wannan lokacin kwamfutar motar takan yanke gas, ba abin da ke ƙonewa a silinda. Fistin yana hawa yana sauka, bawul suna buɗewa suna rufewa, amma shiru. Da na sake taɓa totur sai ta dawo. Na maimaita ya fi sau goma a titin Katsina. Ƙarar tana bin wuta ne, ba juyawar ƙarfe ba.

Ɗana babba, wanda yake karatu a kwalejin fasaha, shi ya ƙara mini wata hujjar. Ya ɗauki ƙarar a wayarsa da asuba, ya rage mata gudu, muka zauna muna ƙirgawa. Kusan bugu 6 a kowace daƙiƙa. Ya yi lissafi a bayan littafina: injin yana juyawa kamar sau 750 a minti idan yana tsaye, kowace silinda kuma tana kama wuta sau ɗaya ne a juyi biyu, wato sau 375 a minti, ka raba da 60 ka sami 6 da ɗan ɗoriya. Ya ce, “Baba, silinda ɗaya ce take yi, kuma lokacin da take kama wuta.” Na ɗauko doguwar sukundireba, na ɗora bakinta a jikin injin, na kafa kunne a ƙotar, yadda ubangidana na 911 ya koya mini. A ƙasa wajen kasko sautin a dushe yake. A sama, wajen silinda ta uku, kamar a cikin kunnena ake dukan.

Wani direban tanka ne ya kwatanta mini garejin wani dattijo da ba ya taɓa komai sai famfon gas da nozul, wato bakin da ke fesa gas a cikin silinda. Ya yi shekaru yana gyaran taraktoci da manyan janareto, yanzu ɗansa ne yake riƙe kwamfuta, shi kuma yana riƙe da kunne. Na je da azahar. Ya karɓi littafina ya karanta daga farko har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi kafin shi. Na miƙa masa makulli, ya ƙi karɓa don tayarwa. Ya ce, “Alhaji, ciwon da ke tashi da asuba ba a dubansa da azahar. Ka bar mini ita ta kwana. Gobe ka zo kafin rana ta fito.”

Na iso shida saura. Yana zaune a kan benci da bargo da kofin shayi. Ya sa ɗansa ya jona kwamfuta tun kafin a tayar. Da aka tayar bai ce komai ba, ya tsaya hannu a baya. Wani sabon yaro a garejin ya ɗauko sufana ya nufi bututun nozul zai sassauta, dattijon, wanda muke ce wa Baba, ya daka masa tsawar da ni kaina sai da na razana. Na san abin da yaron yake nufi, don haka muke yi a 911: ka sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, wadda ƙarar ta ɗauke a kanta ita ce mai laifi. Amma wannan injin ba irin wancan ba ne. Famfo yana tara gas a bututu guda da matsin da kan haura bar 1,000 a ma’aunin matsi idan an taka, daga nan kowace nozul take ɗiba da umarnin kwamfuta. Gas da ya fito da wannan ƙarfin yana huda fata ya shiga nama, hannu yana iya lalacewa a kansa. Baba ya ce da yaron, “Wannan ba a yi mata da sufana. Je ka zauna ka kalla.”

Ɗan ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Akwai lamba huɗu, kowace silinda da tata, suna nuna yawan gas ɗin da kwamfutar motar take ƙara wa nozul ko rage mata don injin ya daidaita. Ya ce ƙa’idar Toyota ita ce kada lambar ta wuce 3.0 sama ko ƙasa. Ta ɗaya an rage mata 0.6, ta biyu 1.1, ta huɗu 2.1. Ta uku kuwa an ƙara mata 3.8. Muna tsaye injin yana ɗumi, lambar ta uku tana saukowa a hankali, ƙarar ma tana bin ta. Sai ya kashe silinda ta uku daga kwamfutar. Injin ya fara rawa a kan ƙafa uku, ƙarar kuma ta ɗauke. Ya kunna, ta dawo.

Na ce, “Alhamdu lillahi, Baba, nozul ce.” Ya ce, “Kada ka yi sauri. Ko metal ne, idan ka kashe wutar silindarsa zai yi shiru, tun da ka ɗauke masa nauyi. Wannan ta nuna mana ɗakin, ba ta nuna mana wanda ke ciki ba.” Wannan maganar ta zauna mini, domin ni da lissafina da littafina na riga na yanke hukunci.

Suka cire hita fulogi huɗun suka auna matsin kowace silinda. Duka huɗun sun yi kusa da juna, babu wadda ta faɗi, don haka ba fistin ne ya tsage ba, ba ringi ba ne, ba bawul ba ne. Sannan Baba ya yi wani abu da na ɗauka ba shi da alaƙa da ƙarar. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya shinshina, ya sa yatsa ya lakato cikin murfin, ya murza a tafin hannunsa. Na ga wasu baƙaƙen tsakuwoyi ƙanana, masu tauri kamar garin gawayi. Ya dube ni ya ce, “Yaushe rabon da a cire nozul ɗin motar nan?” Na ce tun da na saye ta ba a taɓa ba. Ya ce kada a sake tayar da injin.

Aka cire filtar baƙin mai. Ya farke ta da almakashin kwano, ya ce zarto yana zubar da garin ƙarfe ya rikita maka abin da kake nema. Ya warware takardar ciki ya baza ta a rana, muka durƙusa mu uku a kanta. Idan metal yana cinyewa za ka ga ƙyalli, fari ko ruwan jan ƙarfe, a cikin ninkin takardar. Babu ko ɗaya. Amma baƙin garin nan yana ko’ina.

Da aka ɗage murfin saman injin sai ga inda yake fitowa. Gindin nozul ta biyu, ba ta ukun da ke ƙara ba, ya daskare da wani abu kamar kwalta, har ya hau kan ƙarfen da ke danne ta. A wannan injin nozul suna zaune ne a cikin murfin, inda baƙin mai ke wanka, kuma kowace tana kan wata ’yar wasa ta jan ƙarfe da ke toshe wutar silinda kada ta fito. Wasar ta biyu ta ƙone ta gefe ɗaya. Duk lokacin da silindar ta kama wuta, hayaƙi mai zafi yana tsartuwa ta wannan kafar ya shiga cikin baƙin mai, ya dafa shi, ya mai da shi gawayi. Gawayin kuma yana gangarawa kasko.

Suka juye man, ɗan ya zura wata siririyar kyamara ta ramin juyewar. Abin da na gani a fuskar wayarsa ba zan manta da shi ba. Rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe fiye da rabi. Ragar da ya kamata ka ga haske ta cikinta ta zama kamar bayan tukunyar da aka shekara ana girki da ita a murhu. Ta ɗan gefen da ya rage injin yake shan mai, ni kuma ina ɗora masa buhu goma sha biyu ina taka shi daga Maigatari. Fitilar mai ba ta taɓa kamawa ba, domin ita sai matsin ya faɗi ƙasa warwas take kunnuwa. Baba ya ce, “Bakanikenka bai yi ƙarya ba da ya ce injin yana hanyar bugawa. Hanyar ce bai gane ba.”

Sauke kaskon ya ci yini guda, saboda motar mai fowil ce, wato tayoyi huɗu ne ke ja, kayan gaba sun tare shi. Tun da an buɗe, Baba ya kwance hular konrod ta uku ya ciro metal ɗin ya miƙo mini. Sumul yake, launinsa ɗaya, sai ɗan gogewa kaɗan irin na shekaru. Ya duba na biyu ma haka. Ya mayar ya ɗaure da sufana mai awo. A nan ne zargin metal ya mutu, da ido ba da kunne ba. Aka jiƙa rariyar, aka wanke ta da buroshi har haske ya ratsa, aka kankare kaskon.

Nozul huɗun aka ɗora su a injin gwaji. Ina tsaye aka gwada ta uku, kuma a nan na fahimci ƙarar kanta. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne yake matse iska kusan ninki 18 har ta yi zafin da gas zai kama da kansa idan aka fesa shi. Amma ba ya kamawa nan take, akwai ɗan jinkiri, kuma duk gas ɗin da ya taru a cikin wannan jinkirin lokaci ɗaya yake tashi. Shi ya sa tsofaffin motocin gas suke da ƙara. A irin wannan injin an yi dabara: nozul takan fara fesa ɗan mitsitsin gas ya kama, sannan ta saki babban feshin a kan wutar da ta riga ta tashi. Kamar mai hura murhu ne da ya fara kunna ƙirare kafin ya tura itace. Nozul ɗina ta uku ta cinye daga ciki, ba ta iya wannan ɗan feshin na farko idan tana da sanyi, bakinta kuma yana ɗiga maimakon ya yi hazo. Sai gas ya taru a silinda mai sanyi ya tashi gaba ɗaya, kamar an watsa kalanzir a garwashi. Wannan dukan ne nake ji. Idan injin ya yi zafi jinkirin yana raguwa, shi ya sa take lafawa a Ringim. Baba ya ce nozul mai ɗiga idan aka bar ta tana iya ƙona kan fistin ko ta tsaga shi.

Na tambaye shi ko gas ɗin jarkar ne ya jawo. Ya ce giɓin da ke cikin nozul ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma gas ɗin ne kansa yake zame mata mai, don haka ruwa ko ƙura kaɗan sun ishe ta. Amma ya ƙara da cewa nozul da ta yi kilomita 300,000 ta ci lokacinta ko da ruwan zamzam ake zuba mata. Ta huɗu ma ta faɗi gwajin, tana mayar da gas baya fiye da kima. Ta ɗaya da ta biyu sun tsallake.

Sai maganar kuɗi. Baba ya ce daidai shi ne a canza huɗun tare, don tare suka tsufa. Aljihuna bai kai ba. Akwai na gyara, akwai Beljiyam, akwai sababbi na Denso, waɗanda su ne ainihin na motar, akwai kuma jabu a cikin kwali mai kyau da sai wanda ya sani yake bambancewa. Na sayar da riɗin da na yi niyyar ajiyewa sai farashi ya ɗaga, na sayi sababbi guda biyu, kuma ban biya ba sai da aka kawo su garejin aka ɗora a injin gwaji a gabana. Wannan sharaɗin Baba ne ya kafa wa mai kayan, ya kuma yarda ba gardama. Duk abin da na kashe, har da wanke kasko da sabon mai da filtoci da kuɗin aiki, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wancan injin na Ƙofar Ruwa ba. Da kuma na bi shawarar farko, aka goge kiranshaf aka sa sabon metal, da tsofaffin nozul ɗin za a mayar, in tashi da asuba in ji ƙwal, ƙwal ɗin tana jirana.

Wajen haɗawa na ga bambancin mai sani. An goge mazaunin kowace nozul har ya yi ƙyalli, an sa sababbin wasa huɗu, Baba ya ce wasar jan ƙarfe ba a mayar da ita sau biyu ko da ta yi kyau a ido. Kowace sabuwar nozul tana da lamba mai harafi 30 a kanta, ɗan ya shigar da su cikin kwamfutar motar ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa ni ina duba masa, domin da ita motar take sanin halin kowace nozul. Wannan matakin ne yawancin garejin da suka saba da motar fetur ko tsohon famfo ba su da kayan yinsa, kuma ina jin shi ya sa ake yawan cewa Hilux mai gas ba ta jin gyara a Kano. Tana ji, wurin kai ta ne ba kowa ya sani ba.

Motar ta sake kwana a garejin. Da asuba na zo, sanyin ma ya fi na ranar farko. Baba ya ce ni zan tayar. Na jira hita, na yi bismilla, na murɗa. Ta tashi da tsohon ƙuginta, wanda na sani. Muka tsaya mu huɗu ba mai magana har kusan minti uku. Lambobin huɗu duk suna ƙasa da 1.5. Baba ya kurɓi shayinsa ya ce in yi kilomita 1,000 in dawo a sake juye, don ragowar gawayin da ya maƙale a hanyoyin mai ya fita, kuma daga yanzu duk juye a leƙa rariyar ta ramin kasko.

Kwana 19 ke nan daga ranar da na fara jin ƙarar, kasuwar Maigatari biyu ta wuce ni. Na koma wajen bakaniken unguwarmu da ƙonanniyar wasar a aljihu da hoton rariyar a waya. Ya juya wasar a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni kwatancen garejin Baba. Mako na gaba da na kai motar juyen kilomita 1,000, na tarar da shi a can tare da yaronsa, suna tsaye a bayan ɗan Baba suna kallon kwamfuta. Rariyar ta fito tas. Nozul ta ɗaya da ta biyu kuma na yi wa Baba alkawarin kawo kuɗinsu da zarar na sayar da zoɓon da ke sito.